Mashayi Da Bindiga A Gaban Alƙali

Abu biyu ne masu hankali ba su yarda su kwana ɗaki ɗaya ba, watau giya da bindiga. Giya tana kawar da hankali, bindiga kuwa ba ta da hankalin kanta, sai na wanda ya riƙe ta. In mai riƙon ya bugu, to, harsashi ya zama ba shi da linzami, kuma ba ya tambayar sunan wanda zai faɗa wa.

Wannan magana ta shafi mutanen Maikujera, da na sauran ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo. Tun da ɓarayin daji suka addabi gabashin Sakkwato, bindiga ta yawaita a hannun jama'a. A watan Yuli na 2018 sun auka wa Tabanni a ƙasar Gandi, a watan Oktoba na 2021 kuma sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40. Saboda haka samari suka ɗauki makamai don tsaron garuruwansu. Ba mai zarginsu da wannan. Amma mai gadin da ya sha giya, ko ya haɗiyi ƙwaya, kafin ya fita sintiri, ya zama abin tsoro ga waɗanda yake tsaro.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal ta ƙasar Beljiyam, suka taƙaita shigo da bindigogi da barasa cikin Afirka a takarda ɗaya. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka sani da shaye-shaye. Dokar Finalkot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ba ta karɓar maye a matsayin hanzari, sai fa in an ɗura wa mutum abin ne da ƙarfi ko ba da saninsa ba. A mazhabar Malikiyya kuwa haddin mashayi bulala 80 ne.

To, ina gizo yake saƙa? A ƙofar kotu. In talaka ya bugu ya yi tangaɗi a kasuwa, nan da nan a gurfanar da shi. In yaron wani babba ya bugu ya harbi mutum, sai a ga manyan riguna suna zarya da dare. Wannan ya ce yaron ba ya cikin hayyacinsa, wancan ya ce tsautsayi ne, wani ya ce ɗan jam'iyyarsu ne, a rufa asiri. Duk hanzarin banza ne. Wa ya kai shi shan abin da ya gusar masa da hankali, alhali ya san makami yana rataye a kafaɗarsa? Tun sa'ad da ya ɗaga kwalba ya fara laifin, jan kunama cikasawa ce kawai.

Mutanen Rabah sun fi kowa sanin ɓarnar siyasa cikin shari'a. Ɗansu Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, an tuhume shi da cin kuɗin jangali a 1943, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Mutane da yawa sun ɗauka gasar sarauta ce ta jawo tuhumar. Da ya zama Firimiya, gwamnatinsa ta gayyato masana shari'a a 1958, shugabansu Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, don a gyara kotunan Arewa. Siyasar da ke iya ɗaure marar laifi, ita ce kuma ke iya sakin mai laifi.

Saboda haka nauyin yana kan kowa. Hakimai da dagatai su ƙi miƙa bindiga ga wanda gari ya sani mashayi ne, ko da ɗan wa ne. Shugabannin masu tsaro su karɓe makamin duk wanda ya zo aiki a buge. Wanda ya ga abin da ya faru ya je ya ba da shaida, kada ya ce ba ruwansa, gama gobe ɗansa ne zai bi ta wannan hanya. Dangin mamaci, in sun ga an karkatar da hukunci, su tuna ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take. Alƙali kuwa ya tuna akwai ranar da shi ma zai tsaya gaban Alƙalin da ba a kai wa roƙo da dare. Allah ya ba alƙalai ƙarfin zuciya, ya tsare talakawa daga harsashin mashayi, amin.