Ɗan Aike Ba Ya Wuce Saƙon Da Aka Ba Shi

Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya san cewa rabin kuskuren ɗan aike daga bakin mai aike yake fitowa. Ka ce ya sayo hatsi mudu biyu, ba ka ambaci gero ko dawa ba, ya dawo da wanda ba ka so. Laifin wa? Wannan tsohuwar tambaya ta dawo mana a sabuwar riga, domin yanzu akwai 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ba su tsaya ga amsa tambaya ba, har aiki suke zartarwa: su duba farashi, su cike takarda, su tura kuɗi.

Irin wannan ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin da aka jera masa. Suna kawai yake gani, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike, kuma da su yake yanke shawarar wanda zai ɗauka. Kamfanin OpenAI ya fito da irin wannan tsari a watan Yunin 2023, Anthropic kuma ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024. A ganina, ba da daɗin lafazi ake auna ingancin waɗannan layuka ba. Ana auna shi ne da abin da baƙo zai aikata bayan ya karanta su.

Domin mu ga nauyin maganar, mu leƙa wurin 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. A Jazira, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, akwai katafaren shirin noman ban-ruwa da ya kankama bayan kammala madatsar Sennar a 1925. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka faɗaɗa shi zuwa Managil, har faɗinsa ya kai kimanin faddan miliyan biyu. Hausawa da Fulani, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zuba guminsu a gonakin audugarsa.

A can ruwa yana barin babbar hanya ya shiga ƙanana, ya faɗa Abu Ishirin, ya bi Abu Sitta, kafin ya isa hawasha, wato gonar manomi. A tsohon tsari, mufattish ne yake tattara buƙatar gonaki ya aika wa injiniyoyi, su kuma su ba da umarnin buɗe ƙofofi. Mai sakin ruwan bai ga gonar ba, saƙo kawai ya karanta. In saƙon ya gaza, auduga ta yi yaushi; in ya zarce, gona ta nutse. Wannan shi ne ainihin matsayin ɗan aiken na'ura.

To, mu ɗauka gobe an yi wa manomin Managil manhajar lissafin taki. Abu na farko da za a duba a bayaninta shi ne ma'auni. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, hekta kuwa 10,000. Ko a Hausarmu ta nan, kalmar kadada wani eka yake nufi da ita, wani hekta. In bayanin ya ce “girman gona” ya yi shiru, manomi ya ce biyar, na'ura ta ɗauka hekta ce, za ta lissafa masa fiye da ninki biyu na abin da yake buƙata. Bashin kuwa a wuyansa zai rataya.

Na biyu shi ne iyaka. Bayani nagari yana faɗin inda ba a amfani da abu. Duba farashi daban, biyan kuɗi daban, kuma wanda ba a iya warware aikinsa dole a rubuta cewa sai da izinin mai shi. Na uku, a faɗi amsar da za ta dawo, da abin yi in ba ta dawo ba, kada ɗan aike ya ƙago tasa don gudun kunya.

Wani zai ce ai na'urorin sun yi wayo, za su gane nufi. Wayo ba ya maye gurbin labarin da ba a ba ka ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wani kuma zai ce a tsawaita bayani. Shi ma saƙo in ya yi yawa, kan ɗan aike yake ɗaurewa.

Saboda haka gwajin gaskiya ɗaya ne, gani ya kori ji. A tara buƙatu na haƙiƙa da bakin masu su, Hausar Managil da ta cuɗanya da Larabcin Sudan, a miƙa wa ɗan aiken, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace, sau nawa ya cike gurbi daidai, sau nawa ya tsaya ya yi tambaya. Inda ya kauce, a gyara bayanin, a sake gwadawa.

Wannan aiki bai rataya a kan masana kwamfuta kaɗai ba. Malamin harshe da manomi da ɗan kasuwa su suka san inda kalma take da fuska biyu. In ba mu shiga cikin masu rubuta saƙon da masu gwada shi ba, za a aika 'yan aike gonakinmu da ma'aunin wasu. Allah Ya sa mu farga.