Fitzroy: Wa Ya Ce Haɗewa Aka Yi?

Maƙalar wannan makon a kan kalma guda take, "haɗewa", da yadda aka lulluɓe tarihin wata ƙungiyar unguwa da ita.

Fitzroy tsohuwar unguwar talakawa ce a birnin Melbon na Ostireliya. A 1883 mutanenta suka kafa ƙungiyar ƙwallon gargajiyar ƙasar, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, mutum 18 kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Tana cikin waɗanda suka kafa gasar jihar Biktoriya a 1897, ta kuma ci kofi takwas, na farko a 1898, na ƙarshe a 1944. A 1916, da yaƙi ya rage ƙungiyoyin gasar zuwa huɗu, ita ce kurar baya a teburi, amma ita ta ɗauki kofin. Ita ce ta karɓi Doug Nicholls, ɗan asalin ƙasar baƙar fata, a 1932, zamanin da ake ƙyamar irinsa. A 1976 ya zama gwamnan jihar Kudancin Ostireliya.

Daga 1966, da ta bar filinta na titin Brunswick, ta koma 'yar haya, yau nan gobe can. Kuɗin shiga ya ragu, bashi ya taru. A 1996 wani kamfanin inshora na ƙasar Nauru da ke binta dala miliyan 1.25 ya sa aka naɗa mata mai kula da kadara. Shugabanninta sun so su haɗu da maƙwabciyarsu North Melbourne, sauran ƙungiyoyin gasar suka ƙi, don kada a haifi wadda za ta fi ƙarfinsu. Ranar 4 ga Yuli aka miƙa ta ga Brisbane Bears, ƙungiyar da ba ta cika shekara goma a gasar ba, a garin da ke da nisan fiye da kilomita 1,600 a mota. Wasanta na ƙarshe ma a Perth ta buga shi, can ƙarshen ƙasar, ranar 1 ga Satumba.

To wannan ake kira haɗewa? An aurar da yarinya ba da son ranta ba, an kai ta uwa duniya, sannan a ce mana auren soyayya ne.

Masu kare abin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce sabuwar ƙungiyar, Brisbane Lions, ta ɗauki zakin Fitzroy da launukanta, ta ci kofi uku a jere daga 2001 zuwa 2003, wasu tsofaffin magoya baya ma sun yi murna. Sun ce mai bashi ba ya zaɓe. Gaskiya ne. Amma ƙungiyar unguwa ba tambari ba ce da za a cire daga wannan riga a liƙa a waccan. Ita ce tattakin da uba ke yi da ɗansa ranar Asabar zuwa filin da kakansa ya tsaya. Wannan ba ya shiga jirgi.

Batun bashi kuwa, a dubi Footscray. A 1989 an yanke hukuncin haɗa ta da Fitzroy ɗin nan. Magoya bayanta suka tafi kotu, suka bi gida gida da bokitai, suka tara kuɗin ceto ta cikin mako uku. A 2016, da sunan Western Bulldogs, ta ci kofi. Ashe talauci ba hukuncin kisa ba ne idan an ba jama'a dama.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wannan: Fitzroy ba ta mutu ba. Mambobinta sun riƙe rajistarta, kuma tun 2009 take buga gasar 'yan sa-kai a tsohon filinta na titin Brunswick. Da a ce da gaske ta narke cikin Brisbane, su wane ne waɗannan?

Ga inda abin ya shafe mu. Mai iko ne ke raɗa wa abu suna, malalacin marubuci kuma ya kwafa. Ya ga "haɗewa" a takardar hukuma, ya rubuta "haɗewa", ya wuce, bai tambayi wanda aka ƙwace wa ba. Idan za ka rubuta tarihin ƙungiya, ko kasuwa, ko makaranta, kada ka tsaya a lissafin kofuna da sanarwar ofis. Nemi wanda ya yi asara, ka ji da wace kalma yake kiran abin da ya faru.

Wanda yake ganin haɗewar gaskiya aka yi, fili nasa ne a ƙasa. Amma ya zo da hujja.