Injiniyan Lantarki

A shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. Ruwan da aka tare yakan gangaro da ƙarfi, ya juya manyan injuna, su kuwa su ba da wutar lantarki. Daga nan wayoyi ke kai ta garuruwa masu nisa.

Wanda ya san sirrin wannan aiki shi ake kira injiniyan lantarki. Ba a gadon sana'ar nan kamar ƙira ko jima, a jami'a ake koyonta. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ɗalibi yakan yi shekara 5 yana wannan karatu.

Amma tushen karatun yana makarantar firamare, wato lissafi. Yaron da ke gudun lissafin sau da na rabawa yau, gobe ba zai iya auna ƙarfin wuta ba. Kuskure kaɗan a lissafin injiniya yana iya ƙona inji, asibiti ya yi duhu alhali likita yana tsakiyar aiki.

Saboda haka ya kamata kowane yaro da kowace yarinya su riƙe lissafi da kyau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.