A BAR ZAGIN YARO, A DUBI KOCI

'Yan'uwa ɗalibai, da ku matasan ma'aikata masu karanta wannan mujalla, muna neman aron hankalinku a kan wata magana wadda manya ke ɗauka wasan yara ce, alhali kuwa makomar 'ya'yan talakawa ake caca da ita. Maganar ƙwallon ƙafa ce, da mutumin nan mai tsayawa a bakin fili da usur a wuya, wanda yara ke kira koci.

Duk wanda ya je hutu gida a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san abin da ke faruwa bayan sallar La'asar. Filin makarantar firamare ya cika, ƙura ta turnuƙe, samari sun dawo daga gona da kasuwa, wasu da takalmi, wasu babu. A cikinsu akwai mutum guda wanda in ya hura usur kowa sai ya tsaya cak. Shi ke cewa wane gola, wane baya, wane gaba. Shi ke cewa wa zai shiga, wa zai zauna. Yaron da mahaifiyarsa ke fama da shi kullum kafin ya tashi da asuba, in koci ya ce gobe akwai gudun sassafe, shi zai riga kowa farkawa a gidan. Malamin aji bai sami irin wannan biyayya ba, kai, wani uban ma bai samu ba. To, mu tambayarmu ita ce: wa ya koya wa wannan mutum aikin da yake yi, wa ke biyansa, kuma gaban wa zai tsaya ya yi bayani ranar da ya ɓata ɗan wani?

Kada wani ya ce mai horarwa ɗan rakiya ne kawai. A shekarar 2013 marigayi Stephen Keshi ya ɗebi wasu yara masu wasa a gasar cikin gida ya tafi da su Afirka ta Kudu, mutane suna ta yi masa surutu. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo da aka ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, Nijeriya ta ɗauko kofin Afirka wanda rabonta da shi tun 1994. Nan gida ma, Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta ci a 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, ta ƙara a 2014 a hannun Okey Emordi. Ƙafar yaro ce ke buga ƙwallo, gaskiya ne, amma idon da ya gano yaron da bakin da ya ce masa shiga, su ne mafarin nasara.

Sai dai hannun da ke gini shi ke rushewa. A cikin shekarar nan ta 2013 aka yi abin kunya a Bauci, wajen wasannin neman hawa mataki na ƙananan ƙungiyoyi. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Kafin hutun rabin lokaci ci bakwai ne a fili ɗaya, shida a ɗayan. Watau a cikin minti arba'in da biyar na ƙarshe aka zura ƙwallo 72 a raga guda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasa da jami'ansu har abada. Amma don Allah, wane yaro ne zai fito daga gidansu da niyyar a ci shi 79? Ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma a 2016, yara 26 na ƙungiyar Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin shekaru na asibiti dab da wasa da Jamhuriyar Nijar, Nijar ta fitar da mu. Aka yi ta zagin yaran ana kiransu tsofaffin banza, ba a tambayi wanda ya nuna musu hanyar sake takardar haihuwa ba. A 2018 kuma aka nuna Salisu Yusuf, mai horar da 'yan wasan ƙasa, yana karɓar dala 1,000 daga hannun 'yan jarida da suka ɓad da kama a matsayin dillalan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, ba ta sauya zaɓensa ba. Duk da haka aka dakatar da shi shekara guda.

In haka ta faru a sama, inda akwai jarida da kwamiti da albashi, yaya ke nan a ƙauye inda babu mai gani? Mu 'yan ƙasar nan ne, mun taso a waɗannan filaye, mun kuma ga abokanmu da shawarar koci ta juya musu rayuwa. Mun ga wanda aka ce masa makaranta tana jira, ƙwallo ba ta jira, ya bar aji ana dab da jarrabawar fita sakandare, yau ba takarda ba kulob. Mun ga wanda aka zaftare wa shekara huɗu a takarda, aka koya masa ƙarya tun bai mallaki hankalinsa ba. Mun ga uban da ya sayar da awakinsa da buhunan gerons​a don a kai ɗansa gwaji Legas, ɗan ya dawo da kuɗin motar aro. Mun ga wanda aka ɗaure wa gwiwa da tsumma, aka ba shi ƙwaya, aka ce ya daure saboda wasan ƙarshe ne, har yau yana ɗingishi. Ga kuma lokacin zaɓe, ɗan takara ya sa kofi, ya raba riguna masu hotonsa, a kwashi yaran a mota zuwa wurin taro su yi masa ihu, zaɓe ya wuce, ko ƙwallo guda ba ya sake aikowa.

Abin da ake yaudarar yaran da shi kuwa sananne ne. Za a ce dubi Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, a 2010 ya tafi Holand, daga nan Rasha, daga nan Ingila. Ba mu musa ba. Amma mu ɗalibai ne, bari mu yi lissafi. Ƙungiya 20 ke cikin babbar gasar Nijeriya. In kowace ta sa mutum 11 a fili, mutum 220 ke nan a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. Watau ko ɗan wasa ɗaya ga ƙananan hukumomi uku bai kai ba. Mai horarwar da ya san wannan ya ɓoye wa yaro ya ci amana. Wanda bai sani ba kuwa, makaho ne ke yi wa makaho jagora.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce mutanen nan sa kai suka yi, daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da usur, kuma ba don su ba da yara da yawa suna bakin tasha suna shaye-shaye. Wallahi gaskiya ne, da yawansu mutanen kirki ne, muna kuma jinjina musu. Amma kyakkyawar niyya ba ta ɗora karaya. Babban laifin yana wuyan hukumomin da suka sakar wa mutum 'ya'yan jama'a, ba su ba shi horo ba, ba su ba shi ko sisi ba, sa'an nan suka juya baya. Wanda ba a biya ba, wata rana sai ya biya kansa, kuma daga jikin yaro zai biya.

Abin takaici, mutanen Gaya su ne bai kamata a koya wa wannan darasi ba. Tarihi ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama, har aka sami Kano. A gidan ƙira ba a miƙa wa yaro masaba ranar da ya zo. Sai ya shekara da shekaru a bakin zuga-zugi, kuma akwai Sarkin Maƙera da ake kai wa ƙara in wani ya yi algus. Kakanninmu ba su yarda kowa ya taɓa ƙarfe ba sai ya koya, mu kuwa mun yarda kowa ya sarrafa 'ya'yanmu don kawai ya mallaki usur.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Na farko, ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su rubuta sunan kowace ƙungiya da mai horar da ita, su ba shi ɗan alawus, su kuma riƙe ikon cire wanda ya ci amana. Na biyu, tun da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa mai horar da masu horarwa tana can Legas, nesa da mutumin Ajingi, a nemi malaman motsa jiki da lafiya na Jami'ar Bayero su riƙa zuwa Gaya lokacin hutu suna ba da kwas, ko na mako biyu ne, a kan taimakon gaggawa da horon yara. Na uku, kada a sa yaron da bai gama sakandare ba a gasar kofi sai da shaidar shugaban makarantarsa cewa yana zuwa aji. Na huɗu, iyaye su sani dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta hana sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da 'yan dalilai ƙalilan. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai kai ɗan shekara 15 Turai, a tambaye shi takardarsa a gaban mai unguwa.

Mu kuma ɗalibai kada mu tsaya ga rubutu. In mun je hutu mu sauka filin, mu gaisa da koci cikin ladabi, mu zauna da ƙannenmu mu yi musu lissafin nan na 220. Ku ma'aikatan sakatariya, takardar kasafin kuɗi ta hannunku take bi. Ku duba abin da aka rubuta wa wasanni, ku tambayi inda ya shiga. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka sai a san hannun wa aka ba. Allah ya sa masu kunne su ji, amin.