Akwatin Ƙorafin da Mabuɗinsa ke Aljihun Shugaba

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, ku duba bangon ofisoshin da kuke zuwa neman haƙƙinku. Inda aka rataye akwatin ƙorafi, ku tambaya: wa yake riƙe da mabuɗin? Yaushe aka buɗe shi na ƙarshe, kuma a gaban wa?

Akwatin da wanda za a kai ƙara ne yake buɗe shi, tarko ne. Ƙaramin ma'aikaci ya ga ana karkatar da magani, ko ana biyan albashi ga sunayen da babu masu su, ya rubuta. Kafin la'asar an gane rubutunsa. Gari ne da kowa ya san gidan kowa. Sai a laƙaba masa munafuki, a aika wa mahaifinsa dattawa, a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ko babur ba ya shiga da damina.

Bayan an gama firgita kowa, masu wannan aika-aika su ne za su rubuta rahoto cewa ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba. Shirun da tsoro ya haifar shi suke kira gaskiya da riƙon amana. Ba sa jin kunya?

Kuma ba tsari aka rasa ba. Tun 2001 hukumar ICPC ta fara kafa sassan yaƙi da rashawa a ma'aikatun tarayya. A Disambar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin kwarmata bayanai, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Amma wa zai saida aikinsa don ladan da ba shi da kariya? A Fabrairun 2014 Shugaba Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Banki bayan ya yi zargin ɓatan dala biliyan 20 na kuɗin man fetur. Idan haka ta faru da gwamnan banki, ina ga akawu a sakatariya?

Masu zuwa duba aiki daga Dutse ko Abuja, ku daina ƙirga akwatuna a bango. Ku nemi ƙorafe-ƙorafen bara ɗaya bayan ɗaya: wanne aka bincika, wa aka hukunta, wanda ya tona yana ina yau? Idan an ɗaga shi daga kujerarsa, ku mayar da shi, ku karɓe mabuɗin daga hannun wanda ya ɗaga shi.