Irin Da Yesu Ya Ambata Ba Naira Ba Ne

Nassosi: Luka 8:4-15, 2 Korintiyawa sura 8 da 9, Markus 12:38-44



Akwai wata koyarwa da ta shigo gidajenmu ta cikin waya, kuma lokaci ya yi da za mu tsaya mu auna ta. Ana cewa kuɗi iri ne. Wai in ka tura wa "bawan Allah" naira dubu biyar ka yi shuka, kuma ya zama dole Allah ya mayar maka riɓi ɗari. Kowace damuwa an yanka mata farashi: irin aure, irin jarrabawa, irin samun aiki, irin warkarwa. A ƙasan bidiyon kuma ga lambar asusu. Mutumin da bai taɓa taka Zakirai ba, bai san ko hatsi ya rage a rumbunanmu ba, shi ne yake karɓar kuɗin takin samarinmu ta hannun mai POS.

Mun san inda kuɗin nan suke fitowa. Saurayi ya dawo daga cin rani da abin sayen buhun taki, ya tura. Yarinya ta kwashi adashin da za ta biya kuɗin jarrabawa, ta tura. Gwauruwa ta kai akuyarta kasuwa, ta tura. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya ga yadda kuɗin mota da taki da magani suka tashi, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ba mu rubuta wannan don mu yi wa kowa dariya ba. Wanda ya tura, ya tura ne domin an nuna masa aya, kuma yana girmama Littafi Mai Tsarki. To, mu buɗe ayoyin tare.

Mai shuka

Misalin mai shuka yana cikin Matiyu 13, Markus 4 da Luka 8. Daga nan ake ɗauko maganar riɓi talatin, sittin da ɗari. Wannan kuwa yana cikin misalan da Yesu bai bar mu muna ta kirdado a kansu ba. Almajirai sun tambaye shi, ya fassara musu da bakinsa. A Luka 8:11 ya bayyana cewa abin da manomin yake yafawa Maganar Allah ce. Ƙasar nan kashi huɗu zukatan masu ji ne. Amfanin gonar kuma rayuwar mutumin da ya riƙe Maganar ce, ya jimre, har halinsa ya sāke.

Shin dukiya ta fito a misalin? Ta fito, a aya ta 14, amma cikin ƙayoyin da suke shaƙe shuka tun ba ta nuna ba. Abin da Ubangiji ya lissafa cikin ƙaya, shi ake tallata mana a matsayin girbi. Ayoyi biyu kacal ne tsakanin riɓi ɗari na aya ta 8 da fassarar aya ta 11. Mai wa'azin da ya tsaya a ta 8 ya ba da lambar asusu, ko dai bai karanta gaba ba, ko kuwa ba ya so mu karanta.

Gudummawar Bulus

Wani zai ce, ai a 2 Korintiyawa 9:6 Manzo Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka, kuma maganar kuɗi yake yi. Gaskiya ne. Amma kuɗin wa, kuma ina za su? Romawa 15:25-26 ta amsa: gudummawa ce da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara domin matalautan masu bi na Urushalima. Ba aljihun Bulus za su shiga ba. A 1 Korintiyawa 16 ya ce kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ikilisiya kuma ta zaɓi waɗanda za su kai. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ya aika da 'yan'uwa amintattu, har da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi kan kuɗin. A 8:12-13 ya ce gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa, kuma ba ya nufin wasu su huta ku kuwa ku shiga matsi. A 9:7 ya hana bayarwa ta dole. Girbin da ya ambata a 9:8-10 shi ne isasshen abin biyan bukata, da yalwar aikin kirki, da adalci.

Yanzu mu gwada. A wurin Bulus, kuɗi suna tashi daga mai hali zuwa ga mayunwaci, da shaidu, ba tilas. A cikin wayoyinmu, kuɗi suna tashi daga mai gonar gero zuwa ga mai jerin motoci, ba shaida, ba lissafi, ana kuma haɗawa da barazana cewa in ba ka tura kafin sha biyun dare ba ƙofar albarkarka za ta rufe. Kalmar shuka ce kawai ta haɗa su.

Gwauraye biyu

Labarin gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17 shi ne sandar da aka fi dūkan iyayenmu mata da ita: ta ba annabi abincinta na ƙarshe, ke ma ki ba da naki. Amma Allah ne da kansa ya aiki Iliya wurinta a lokacin fari, Iliya kuma ya zauna a gidanta, tukunya ɗaya suke ci. Ba ta zama attajira ba. Garin da man ne ba su ƙare ba har ruwa ya sauko. Yesu ma a Luka 4:25-26 ya ce gwauraye suna da yawa a Isra'ila a kwanakin, amma wurin ita kaɗai aka aiki annabin. Abin da Allah ya yi sau ɗaya don ya ciyar da gwauruwa, ba za a mai da shi dokar karɓe abincin gwauraye ba.

Ta biyun ita ce mai 'yan anini biyu a Haikali, Markus 12:41-44. Yesu ya ga zuciyarta, ya ɗaukaka baikonta bisa na masu arziki. Amma mu ɗaga ido zuwa aya ta 40, wadda take daf da labarin. A can yana kashedi ne game da malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, ya kuma ce hukuncinsu zai fi tsanani. Wanda ya karanta aya ta 42 don ya karɓi akuyar gwauruwa, ya tabbata aya ta 40 da shi take.

Daga ina ta fito?

Wannan koyarwa ba ta manzanni ba ce, sabuwa ce. Wani mai wa'azi na birnin Tulsa a Amurka, Oral Roberts, shi ne ya shahara da ita, ya kuma buga littafi a kanta a 1970. A Nijeriya wa'azin wadata ya bunƙasa ta bakin masu wa'azi irin su Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998. Daga rediyo da talabijin ta koma Facebook da WhatsApp, yau ga ta da Hausa. Ba mu kaɗai ne muke ƙorafi ba. A babban taron masu bishara na Lausanne da aka yi a Cape Town, Afirka ta Kudu, a 2010, wakilai daga kusan dukan ƙasashen duniya sun yarda Allah yana yin al'ajibai, amma sun ƙi ra'ayin cewa akwai dabarar da mutum zai yi ya juya ikonsa yadda yake so.

Dabarar da koyarwar take tafiya a kai ita ce tsinke aya daga mazauninta. Ya kamata mu sani, Luka da Bulus ba su sa lambobi cikin rubutunsu ba. Stephen Langton, babban bishop na Canterbury a Ingila wanda ya rasu a 1228, shi ake dangantawa da rabon surorin da muke amfani da su. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An sa su ne don sauƙin nema, kamar kunyoyi a gona ɗaya. Wasiƙa ce Bulus ya rubuta, kuma ba wanda yake karanta layi ɗaya na wasiƙar mahaifinsa ya ninke sauran. Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 a kan ƙololuwar Haikali (Matiyu 4:5-7). Ubangiji bai ce ayar ƙarya ce ba, ya amsa da wani nassi, ya nuna ba a gwada Allah.

Abin da za a ce mana

Za a ce, ai mun ji shaidu: wani ya shuka, sati bai zagayo ba ya sami aiki. Muna gode wa Allah domin aikin. Amma ana ba mutum ɗaya makirufo, ɗaruruwan da suka tura ba su ga kome ba kuwa ba a kiransu gaba. In sun yi magana sai a ce bangaskiyarsu ce kaɗan, ko irin ne bai isa ba, su ƙara. Nan ne ɓarnar ta fi girma. Kuɗi kan dawo, amma saurayin da aka sa ya gaskata Allah ya ci masa bashi, da wuya ya sake durƙusawa da zuciya ɗaya. Muna da irinsu, sun daina zuwa sujada, suna fushi da Allah a kan alkawarin da bai taɓa yi ba.

Za a ce, kada ku taɓa shafaffe na Ubangiji. Zabura 105:15 tana maganar yadda Allah ya tsauta wa sarakuna saboda Ibrahim da zuriyarsa lokacin da suke baƙunci. Ba ta hana auna koyarwa ba. Mutanen Biriya sun auna wa'azin Bulus kansa da Nassosi kowace rana, Ayyukan Manzanni 17:11 kuma ta yabe su.

Za a kuma ce fastocin ƙauye kishi suke yi, don baiko yana tsallake su. To, ga amsarmu: ma'aunin da muka ba ku, ku fara auna mu da shi. In ɗayanmu ya tsaya a kan bagade ya sa wa addu'a farashi, ku buɗe masa Ayyukan Manzanni 8:18-20, inda Bitrus ya la'anci kuɗin Siman da ya so sayen baiwar Allah. Ku tuna masa da Elisha wanda ya ƙi kyautar Na'aman, da Gehazi wanda ya bi ta a guje ya dawo da kuturta (2 Sarakuna 5). Ku nemi a karanta lissafin baiko a gaban ikilisiya, haƙƙinku ne.

To, mu daina bayarwa?

Ko kusa. Mai bi marowaci bai fahimci gicciye ba. Nassi ya ce mai aikin bishara ya ci daga bishara (1 Korintiyawa 9:14). Muna kawo baiko ran Lahadi, muna kawo damman gero da dawa ranar godiyar kaka, domin Allah ya riga ya ba mu Ɗansa kyauta. Godiya muke yi, ba ciniki ba. Amma a Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa waɗanda suke cewa abin da ya kamata su taimaki iyaye da shi sun keɓe wa Allah, 1 Timoti 5:8 kuma ta ce wanda ya ƙi kula da gidansa ya musunci bangaskiya. Saurayin da ya tura kuɗin taki ya bar gonar mahaifiyarsa ta yi ja, bai faranta wa Allah rai ba.

Mu 'ya'yan manoma ne, ba za a koya mana iri ba. Tun kaka ake zaɓar zangarniya mafi kyau a ajiye, ko yunwa ta matsa ba a taɓa ta. Ba kuma manomin da yake zuba irinsa a gonar da bai taɓa gani ba. Gonakin da Ubangiji ya sa a gabanmu muna ganinsu da ido: gwauruwar da huɗa ta gagare ta, marayan da aka koro saboda kuɗin makaranta, maƙwabcin da hatsinsa ya ƙare a watan Agusta, Kirista ne ko Musulmi. Zumuntar matasa ta kira gayya ta nome gonar tsohuwa a yini ɗaya, wannan ya fi kusa da 2 Korintiyawa 9 nesa ba kusa ba.

Daga yau, duk wanda ya jawo mana aya, a waya ko a majami'a, mu yi tambayoyi huɗu. Wa yake magana, kuma da wa? Me aka faɗa kafin ayar da bayanta? Shin Yesu ko manzanni sun fassara ta a wani wuri? Wa zai amfana in na bi wannan fassara? Mu karanta surar gaba ɗaya kafin mu ce amin, mu kuma kawo ta nazarin Littafi Mai Tsarki na zumunta a duba tare. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, an kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Kakanninmu da yawa sun shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura don su karanta shi da kansu. Abin kunya ne a ce jikokinsu masu waya a hannu su ne ake ruɗi da aya ɗaya.

Wanda ya riga ya tura, kada ya ɓoye don kunya. Ya zo wurin dattawan ikilisiya ko shugabannin zumunta a yi addu'a tare, a kuma ga yadda za a taimaka kada damina ta wuce shi. Allah bai ci masa bashi ba, bai kuma yashe shi ba.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka mai da zukatanmu ƙasa mai kyau domin Maganarka. Ka ba mu haƙurin karanta ta duka da hikimar rarrabewa. Ka tsare gwaurayenmu da matasanmu daga masu ciniki da sunanka, ka ba su tuba su ma. Ka albarkaci gonakinmu da aikin hannuwanmu, ka koya mana bayarwa da murna. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.