Ra'ayinmu: Birni Ma Yana Da Hannu A Ruwan Damina

Jama'a da dama sun ɗauka cewa hadari daga nesa yake tasowa, ya zubar da ruwansa a kan birni da ƙauye ba tare da bambanci ba. Masana yanayi sun daɗe da gane cewa ba haka abin yake ba. Babban birni yana sauya yawan ruwan da ke sauka a kansa da kewayensa, musamman a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin zafi a Amurka da Turai, wanda ya zo daidai da tsakiyar daminarmu.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kwalta da siminti da rufin kwano suna shan zafin rana, su riƙe shi har dare. Iskar da ke kansu takan yi zafi ta tashi sama, kuma tashin iska mai laima shi ne mafarin hadari. Dogayen benaye su ma suna tare iska, su tilasta mata hawa ko ta raba biyu ta sake haɗuwa a bayan gari. Daga 1971 zuwa 1975 an yi wani babban bincike a birnin St. Louis na Amurka, inda aka baza ma'aunan ruwa a ciki da wajen gari. An tarar cewa unguwanni da gonakin da ke gefen da iska ke nufa bayan ta ratsa birnin sun fi samun ruwa da tsawa a lokacin zafi, wasu wuraren har ƙarin ya kai kusan kashi 25 cikin 100.

To amma ba kowane birni ne abin yake zuwar masa iri ɗaya ba, kuma nan ne muke so mai karatu ya lura. A 2024 wasu masana suka fitar da sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan Adam na birane fiye da 1,000 a duniya, daga 2001 zuwa 2020. Sama da kashi 60 cikin 100 na biranen sun fi ƙauyukan da ke kewaye da su samun ruwa. Bambancin ya fi girma a birane masu zafi da laima, irin su Houston da Kuala Lumpur da kuma Legas tamu, domin can iska cike take da ruwa, ɗan tunzuri kaɗan take jira. Biranen da ke cikin kwari, tuddai na kewaye da su, kamar Seattle da Kyoto, su kuwa ruwansu bai kai na kewayensu ba. A busasshiyar ƙasa kamar Phoenix, tsakiyar hamadar Arizona, an ga ƙarin ruwa a wasu unguwannin bayan gari, kuma ana danganta wani ɓangare na hakan da ban-ruwan lambuna da ya ƙara wa iska laima. Hayaƙi kuwa kaifi biyu gare shi: idan ya yi yawa yakan sa ɗigon ruwa a cikin girgije ya yi ƙanana har ya kasa sauka da wuri.

Kada wani ya ce ai ƙarin ruwa alheri ne. Birni ba ya ƙirƙiro ruwa, janyo shi yake yi ya tara wuri guda, sau da yawa a zubar da shi cikin awa ɗaya ko biyu. Ruwan da gona za ta shanye, siminti ba ya shan ko ɗigo. Sai ya bi titi, ya shiga ɗakin talaka.

Biranenmu na Arewa suna tsakanin waɗannan misalai ne. Rabin shekara a bushe suke, amma daga Yuli zuwa Satumba iskar da ke zuwa daga teku tana cike da laima, kuma Kano da Kaduna da Abuja kullum faɗaɗa suke yi. Dattawan Kano sun san yawan kududdufan da ke cikin ganuwa a da, waɗanda ke karɓar ruwan unguwanni. Da yawa an cike su da shara, an yanka filaye, an yi gini. Magudanan da suka rage, an haƙa su ne lokacin da garin bai kai rabin girmansa na yau ba, kuma leda ta toshe su.

Saboda haka muna kira ga hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da ta ƙara ma'aunan ruwa a cikin unguwanni da bayan gari, domin ma'aunin filin jirgin sama kaɗai ba zai faɗi abin da ya sauka a Kurna ko Sabon Gari ba. Makarantun sakandare za su iya riƙe irin waɗannan ma'aunai, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Hukumomin tsara birane kuma su daina sa hannu a takardar fili a kan kududdufi ko hanyar ruwa, ko da wane ne ya kawo ta, kuma duk sabon magudani a auna faɗinsa da girman da garin zai kai nan da shekara 20.